Babi na Shida: Dutse, Rana da Kogi a Tutar Seoul

Ranar 28 ga Oktoba, 1996, hukumar birnin Seoul ta ajiye tambarin da ta shafe shekara 49 tana aiki da shi, ta ɗauki sabo. Tutar da ta fito daga wannan sauyi ba ta da tarkace. Farin ƙyalle ne, a tsakiyarsa zane uku kamar mai zane ya shafa su da buroshi a zama ɗaya. Ɗaya kore, mai siffar dutse. Ɗaya ja, kewayayye, shi ne rana. Na ukun shuɗi, ya lanƙwasa kamar ruwa mai gudu, shi ne Kogin Han da ya raba birnin gida biyu. Idan mutum ya ja da baya ya sake dubawa, sai ya ga ukun sun haɗu sun zama mutum yana taka rawa, ranar ce kansa, dutsen da kogin su ne jikinsa. Wanda kuma ya iya karatun Koriyanci zai tsinci abu na uku a ciki, wato sunan birnin a rubuce da haruffan ƙasar.

Hukuma ta ba kowane launi fassararsa a taƙaice. Koren dutse ƙaunar muhalli ne, shuɗin kogi tarihi ne da kuzari, jar rana fata ce da hangen gaba, mai rawar kuma alama ce ta birnin da ya sa ɗan'adam a gaba. Irin wannan bayani kowace hukuma a duniya za ta iya rubuta shi kafin a tashi daga ofis, kuma da a nan maganar ta tsaya, da ba ta cancanci babi guda ba. Abin da ya ba tutar nauyi shi ne lokacin da aka zana ta. A 1996 ɗaya daga manyan duwatsun Seoul yana bayan shingen soja, kogin yana ɗaure cikin kankare, launin ja abin ɗari-ɗari ne a siyasa, ɗan'adam ɗin da aka ce an sa a gaba kuwa bai daɗe da ganin gada da katafaren kanti sun rufta da jama'a ba. A ganina kowane launi a tutar nan yana nuna wani abu ne da birnin ya ɓata da hannunsa, yake kuma neman hanyar gyarawa.

Ranar da aka zaɓa ma da dalili. A 1392 janar Yi Seong-gye ya kifar da daular Goryeo ya kafa ta Joseon, bayan shekara biyu kuma ya kwashe fadarsa daga Gaegyeong ya dawo da ita Hanyang, garin da yau ake kira Seoul. Tarihin fada ya ajiye ranar ƙaurar a 28 ga wata na goma na kalandar wata, a 1394. Da birnin ya cika shekara 600 a matsayin babban birni a 1994, sai aka mai da 28 ga Oktoba Ranar Mutanen Seoul. Waɗanda suka zaɓa wa sarkin wurin sun bi ilimin da Koriyawa ke kira pungsu, ilimin karanta yanayin ƙasa kafin a kafa gida ko gari ko kabari. Ƙa'idarsa ta farko ita ce dutse a baya, ruwa a gaba. Hanyang ta cika sharaɗin: Bugaksan a arewa, Naksan a gabas, Inwangsan a yamma, Namsan a kudu, sannan Kogin Han can gaba da Namsan. A 1396 aka gina ganuwa mai tsawon kilomita 18 da 'yan kai, ta bi ta kan duwatsun huɗu. Ke nan dutse da ruwan da ke kan tutar su ne hujjar da aka kafa garin a kanta tun farko.

Tsohon tambarin, na 1947, siffa ce mai tsini takwas da da'ira a ciki. Tsinin takwas na nufin duwatsu takwas da suka kewaye gari, da'irar kuma titunansa. Babu kogi a ciki, kuma a zamaninsa hakan ba laifi ba ne, domin Seoul ta lokacin, mai mutane ƙasa da miliyan biyu, kusan dukkanta a arewacin Han take. Abin da ke ƙetare galibi gonakin shinkafa ne da na kayan lambu. A 1963 aka faɗaɗa iyakar birnin ta haɗiye ƙasar da ke kudu da kogin, gine-gine suka fara tsirowa a Gangnam daga shekarun 1970, a 1988 yawan jama'a ya haura miliyan goma. Kafin a kai 1996 kusan rabin mutanen birnin a ƙetaren suke kwana. Tambarin da ya tsaya a kan duwatsu takwas ya zama hoton garin kakanni. Ga shi kuma salonsa irin na bajen biranen Japan ne, siffa ɗaya mai daidaitattun kusurwoyi da aka fitar da rula da kamfas, a daidai lokacin da Koriya ta Kudu ke kakkaɓe duk abin da ke tuna mata da mulkin mallakar 1910 zuwa 1945.

Wannan kakkaɓa ba ta baka ba ce. Japanawa sun gina babbar hedikwatar mulkinsu a 1926 a gaban fadar Gyeongbokgung, ta tare fuskar fadar gaba ɗaya. Ranar 15 ga Agusta, 1995, cikar shekara 50 da samun 'yanci, gwamnatin Kim Young-sam ta sa aka tsige tsinin ƙubbar ginin a gaban taron jama'a, zuwa ƙarshen 1996 an share shi daga doron ƙasa. A shekarar ce kuma aka gurfanar da tsofaffin shugabannin soja biyu, Chun Doo-hwan da Roh Tae-woo, a gaban kotu. Akwai wani sauyin da ya fi shafar tutar kai tsaye. Tun juyin mulkin 1961, gwamnatin tsakiya ce ke naɗa magajin garin Seoul. Sai ranar 27 ga Yuni, 1995, mutanen birnin suka sake zaɓar nasu da ƙuri'a, suka ba Cho Soon, masanin tattalin arziki kuma tsohon gwamnan Babban Bankin Koriya. Birane da larduna da dama sun sabunta alamominsu a waɗannan shekaru, domin wanda aka zaɓa yana bukatar abin da zai nuna cewa gidan ya canza hannu.

Kwana biyu kacal bayan zaɓen, tun kafin sabon magajin garin ya kama aiki, kantin Sampoong mai hawa biyar ya rufta a kudancin birnin, mutum 502 suka mutu. Masu ginin sun rage ginshiƙai, sun ƙara bene, sun ɗora manyan injinan sanyaya iska a rufi, sannan suka ga tsaga a ranar suka ƙi rufe kanti. Wata takwas kafin nan, da safiyar 21 ga Oktoba, 1994, wani yanki na gadar Seongsu ya faɗa cikin Han, mutum 32 suka rasu, ciki har da 'yan mata 'yan makaranta da ke cikin bas. Koriyawa suna da kalmar da suke yi wa kansu tsiya da ita, ppalli-ppalli, wato maza-maza, kuma a waɗannan watanni kowa ya ga kuɗin da maza-maza ke ci. Duk wanda ya karanta jimlar nan ta "birnin da ya sa ɗan'adam a gaba" ba tare da ya san Sampoong da Seongsu ba, zai ɗauka zaƙin bakin 'yan siyasa ne kawai.

Masu zanen tambarin sun koma ga zane-zane biyu na ƙarni na 18, kuma zaɓin ya nuna sun san abin da suke yi. Na farko na Jeong Seon ne, wanda ya rayu daga 1676 zuwa 1759. Kafin shi, yawancin masu zanen Koriya duwatsun ƙasar Sin suke zanawa, waɗanda ba su taɓa gani ba sai a littafi. Shi kuwa ya fita ya zana duwatsun da ke gaban idonsa, har aka san salonsa da sunan zanen gani-da-ido. Wajen 1741, yana riƙe da mulkin gundumar Yangcheon a gaɓar kudu ta Han, ya zana fitowar rana a gefen Namsan, wanda a lokacin ake kira Mongmyeoksan: koren dutse, jar rana ta leƙo rabi, ga kogi shimfiɗe a ƙasa da 'yan kwale-kwale. Abubuwa ukun da ke tutar duk suna cikin wannan zane. Na biyun na Kim Hong-do ne, wanda aka haifa a 1745, gwanin zana talakawa a bakin sana'arsu: maƙera, 'yan kokawa, malami da ɗalibansa. A zanensa da ake kira Mudong, makaɗa shida sun zauna sun yi da'ira da ganga da sarewa da goge irin nasu, wani yaro yana tsakar rawa, ƙafa ɗaya a sama, dogayen hannayen rigarsa suna kaɗawa. Daga yaron nan aka ɗauko motsin.

Akwai zane na uku da hukuma ba ta ambata ba, amma yana da wuya a kalli tutar ba a tuna da shi ba. A bayan karagar kowane sarkin Joseon akwai labule mai hoton rana da wata da tsaunuka biyar, ga ruwa yana kwarara a ƙasa. Ana cewa hoton ba ya cika sai sarki ya zauna a gabansa. Yana nan a takardar kuɗi ta won 10,000, a bayan Sarki Sejong. Kayan haɗin ɗaya ne, dutse da rana da ruwa, sai dai a 1996 wanda ya cika hoton yaro ne mai rawa daga cikin talakawa.

Sejong ɗin nan shi ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443, aka yi shelarsu a 1446, kuma su ne suka sa dabarar tutar ta yiwu. An zana baƙaƙen Hangul ne bisa siffar gaɓoɓin furuci. Harafin ㅅ, wanda sunan Seoul ya fara da shi, siffar haƙori ce, ga shi kuma ya yi kama da tsauni. Harafin ㅇ, wanda ya buɗe gaɓa ta biyu, siffar maƙogwaro ce, da'ira kamar rana. Mai zane bai sha wahalar tanƙwara su ba. Wani abin kuma, kusan duk manyan biranen Koriya sunayensu daga haruffan Sin suka samo asali, amma Seoul tsohuwar kalmar Koriyanci ce mai nufin babban birni, ba ta da rubutu a haruffan Sin. Japanawa sun kira garin Keijo, Sinawa sun ci gaba da kiransa da tsohon sunansa na Hanseong bisa nasu furucin, har sai da hukumar birnin ta roƙe su a 2005 su koma ga sabon rubutu mai sautin Seoul. Birnin da sunansa ba ya rubutuwa sai da Hangul ya ɗora Hangul a tutarsa.

Koren ya fi sauƙin fahimta ga baƙo, domin duk inda ka tsaya a Seoul akwai dutse a ƙarshen titi. Namsan a wurin mutanen birnin kamar Dala ne a wurin Kanawa, ba tsawonsa ne ya ba shi daraja ba, don bai kai mita 300 ba. Itatuwan da ke kansa har a taken ƙasa an ambace su. Amma dubi abin da ya gani a ƙarni ɗaya. A 1925 Japanawa suka sare gefensa suka gina babban wurin bautar Shinto, inda daga baya aka riƙa tilasta wa ɗalibai zuwa su rusuna. Bayan 1961 hukumar leƙen asirin gwamnatin soja ta kafa ofisoshinta a gindinsa, har ta kai idan aka ce an tafi da wane Namsan, kowa ya san ɗakin azaba ake nufi. Aka kuma gina dogayen benaye na baƙi 'yan ƙasashen waje da suka tare fuskar dutsen. A Nuwamban 1994 aka tarwatsa benayen da nakiya ana nunawa a talabijin, a 1995 hukumar leƙen asirin ta tattara ta bar wurin. Bugaksan kuwa, na bayan fadar shugaban ƙasa, an rufe shi tun Janairun 1968, lokacin da sojojin ƙundunbala 31 daga Koriya ta Arewa suka lallaɓo har kusa da fadar don kashe shugaba Park Chung-hee. Sa'ad da aka zana koren dutse a tuta, ɗan gari ba shi da ikon hawa wannan dutse. Sai daga 2006 aka fara buɗe hanyoyinsa kaɗan-kaɗan, ba a gama ba sai 2022.

Akwai ma wani dutsen da ba ya cikin lissafin masu pungsu. Daga 1978 zuwa 1993 sharar birnin gaba ɗaya a tsibirin Nanjido ake jibge ta, har ta zama tuddai biyu masu tsawon kusan mita 100. An lulluɓe su da ƙasa, an dasa ciyawa, an buɗe su a matsayin wurin shaƙatawa dab da gasar cin kofin duniya ta 2002. Iskar gas da ke fita daga ruɓaɓɓiyar sharar ana tara ta a yi makamashi da ita.

Shuɗin ya fi rikitarwa, kuma a nan ne bayanin hukuma ya fi yin gajarta. A tsohon tsarin launuka biyar na Koriya, wanda ake kira obangsaek, kowane launi yana da kusurwarsa da sinadarinsa: shuɗi gabas da itace, ja kudu da wuta, rawaya tsakiya da ƙasa, fari yamma da ƙarfe, baƙi arewa da ruwa. Ruwa a wannan tsari baƙi ne, kore kuma ɗan gidan shuɗi ne, ba ya cin gashin kansa. Wato tutar Seoul, duk da buroshinta na gargajiya, launukanta na taswirar zamani ne, inda kogi shuɗi ne daji kore. Masu neman cusa ta cikin obangsaek ƙarfi da yaji suna wahalar da kansu ne. Hukumar birnin da kanta, da ta fitar da jerin launuka goma na Seoul a 2008, launin da ta laƙaba wa Han fari ne mai ƙyallin azurfa, wanda ya fi kusa da abin da ido ke gani daga kan gada.

Tarihin da aka ce shuɗin yana wakilta kuwa akwai shi jingim. Masarautar Baekje a bakin wannan kogi ta kafa babban birninta, ragowar ganuwarta ta ƙasa tana nan a unguwar Pungnap. Masarautar Goguryeo ta ƙwace yankin a 475, ta Silla ta karɓe shi a 553, sarkinta Jinheung ya kafa dutsen shaida a kan tsaunin Bukhansan. Wanda ya riƙe Han shi ke da hanyar teku zuwa Sin. A zamanin Joseon, shinkafar haraji da gishiri da kifi ta kogin suke shigowa, a sauke su a tashoshi irin su Mapo. Da asubahin 28 ga Yuni, 1950, kwana uku da ɓarkewar yaƙin Koriya, sojojin Kudu suka tarwatsa gadar Han don tare abokan gaba alhali tana cike da masu gudun hijira, ɗaruruwa suka hallaka, aka bar mafi yawan mutanen birnin a tarko. Sau huɗu Seoul ta canza hannu a yaƙin. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1953 ta mai da bakin kogin, inda yake shiga teku, iyaka tsakanin Kudu da Arewa. Tun daga nan jirgin kaya bai sake shigowa daga teku zuwa Mapo ta wannan hanya ba. Kogi mai faɗin kusan kilomita ɗaya a tsakiyar birni, amma ƙofarsa a toshe.

Kuzarin da ake faɗa shi ne abin da duniya ta sani da abin al'ajabin Kogin Han, wato tashin ƙasar daga talauci zuwa sahun masu arziki cikin ƙarni ɗaya bai cika ba. A Disambar 1996, ƙasa da wata biyu bayan ɗaga tutar, Koriya ta Kudu ta shiga ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Kogin ne ya biya wani ɓangare na kuɗin. A 1968 aka fasa tsibirin Bamseom da nakiya, aka kwashe mazaunansa, don a sami duwatsun gina madatsar Yeouido, inda majalisar dokoki da kasuwar hannun jari suke a yau. Daga 1982 zuwa 1986, ana shirin wasannin Asiya da na Olamfik, aka yashe kogin, aka miƙar da gaɓarsa, aka zuba mata kankare, aka shimfiɗa manyan tituna a gefe. Rairayin da tsofaffin birnin suka yi wanka a kai suna yara ya tafi cikin ginin benaye. Abin sha'awa, Bamseom bai yarda ya mutu ba. Laka ta riƙa taruwa shekara bayan shekara har tsibirin ya dawo ya fi da girma, tsuntsaye masu ƙaura suka mai da shi masauki, a 2012 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya masu kariya na Ramsar.

Jan shi ne ya fi buƙatar ƙarfin hali. Jar da'ira a kan farin ƙyalle, a wannan yanki na duniya, kowa ya san tutar wace ƙasa ce. A ce birnin da ke tsakar rushe hedikwatar Japanawa ya ɗora jar rana a kan fari, abin yana iya zama abin faɗa. Abin da ya cece shi, a nawa ganin, shi ne buroshin da kuma maƙwabtan ranar. Ba ita kaɗai take zaune a tsakiya tana mulki ba, ƙarama ce, dutse da kogi sun riƙe ta, kuma ja da shuɗi a kan fari ai su ne launukan tutar ƙasa, Taegeukgi, wadda Sarki Gojong ya amince da ita a 1883. Idon Bakoriye ya fi saurin zuwa can.

Matsala ta biyu ta cikin gida ce. A al'adar Koriya ja launin kariya ne. Ana dafa kunun jan wake a ranar da dare ya fi tsawo a shekara don korar miyagun iskoki, ana shafa ja da kore a ginshiƙai da rufin fadoji da wuraren ibada, kwalliyar da ake kira dancheong. Sarakunan Joseon jar riga suke sawa, domin rawaya ta sarkin sarakunan Sin ce, sai a 1897 Gojong ya naɗa kansa sarkin sarakuna ya sa rawaya. Amma bayan rabuwar ƙasar, ja ya zama launin kwaminisanci. A kira mutum ppalgaengi, wato ɗan ja, ya isa ya raba shi da aikinsa, a wasu shekarun ma da ransa. Jam'iyyu sun guje shi, masu talla sun yi taka-tsantsan da shi. Abin da ya wanke launin bai zo daga hukuma ba. A watan Yunin 2002, da ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya, dubban ɗaruruwan magoya baya sanye da jajayen riguna suka cika dandalin da ke gaban ofishin magajin gari, har babu masaka tsinke. Dandalin a lokacin shataletalen motoci ne. A 2004 aka kori motocin aka dasa ciyawa. A 2008 birnin ya zaɓi jan dancheong a matsayin babban launinsa, a 2012 kuma jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wadda ta fi kowa jifan abokan hamayya da kalmar ɗan ja, ita da kanta ta koma ja.

Fatar da aka ɗora wa ranar ita ce ta fi shan gwaji. Shekara ɗaya bayan tutar, a ƙarshen 1997, tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe har sai da aka je roƙon Asusun Ba da Lamuni na Duniya. An farfaɗo daga wannan. Wanda ba a farfaɗo daga gare shi ba shi ne tsadar gidaje da tsadar tarbiyyar yara. Yawan mutanen Seoul ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1990, yanzu ya sauko ƙasa da miliyan goma. A 2023 ma'aunin haihuwa a birnin ya faɗi zuwa 0.55 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a ƙasar da ita ma ke ƙasan kowa a duniya, har an fara rufe makarantun firamare a cikin gari saboda rashin ɗalibai.

Farin bango ba ya buƙatar dogon bayani. Koriyawa sun daɗe suna kiran kansu mutanen fararen tufafi, kuma fari ne bangon tutar ƙasa. Sai dai gaskiya ita ce yawancin tutocin biranen ƙasar haka suke, tambari a tsakiyar fili, kuma a nan masu nazarin tutoci suke da ƙorafi mai tushe. Tuta ana so a gane ta daga nesa, iska tana kaɗa ta, ko ta naɗe a jikin sanda. Ta Seoul idan babu iska farin ƙyalle kawai ake gani. Tambarin ya fi yin kyau a kan takardar ofis da allon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da murfin kwalbati fiye da kan sanda, kuma a irin waɗannan wurare ne mutanen birnin suka fi haɗuwa da shi. Ba kasafai za ka ga ɗan Seoul ya rataya tutar birninsa a taga ba. Gundumomi 25 na birnin kowace ma da nata tambarin.

Duk da haka ya yi abin da sauran alamomin birnin suka kasa, ya daɗe. Kusan kowane magajin gari yana zuwa da nasa taken talla, kuma duk da Turanci. Lee Myung-bak ya kawo Hi Seoul a 2002. Park Won-soon ya maye gurbinsa da I·SEOUL·U a 2015, wanda ya sha ba'a saboda ba wanda ya iya faɗin ma'anarsa kai tsaye. Oh Se-hoon ya soke shi ya kawo Seoul, My Soul a 2023. Kowane sauyi sai an kashe kuɗin jama'a an sauya alluna da gumakan haruffa a wuraren shaƙatawa. Magadan gari na dama da na hagu sun zo sun tafi, babu wanda ya cire tambarin 1996 daga tuta. Busan, birni na biyu a ƙasar, ta bi wata hanyar: a 2023 ta ajiye tambarinta na 1995 mai teku da tsuntsu, ta ɗauki sabo da aka gina a kan haruffan Turanci B da S cikin launin shunayya mai sirkin ja, ta sa shi a tutarta, ƙungiyoyin kare harshen Koriya da mazauna birnin da dama suna ta ƙorafi.